Dabbobi a zanen fenti: tambayoyin masu koyon zane a Jos da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗalibai da masu koyon zane a nan Jos, har da masu zanen allon talla da na jikin manyan motoci. Wasu na tarihi ne, wasu na aikin hannu, mun kuma bar su a cakuɗe domin a wannan fanni da wuya a raba su.

Tun yaushe ɗan Adam ya fara zana dabbobi?

Tun kafin rubutu, tun kafin noma. A tsibirin Sulawesi na Indonesiya akwai zanen aladen daji a bangon wani kogo wanda masana suka sanar a 2021 cewa ya kai aƙalla shekara 45,500. Yadda suka gane shi ne, ruwan da ke tsattsafowa a bangon kogo yana barin wani ɓawon farar ƙasa a kan fentin. Idan aka auna shekarun ɓawon, an san zanen da ke ƙarƙashinsa ya girme shi.

A Faransa akwai kogon Chauvet da aka gano a 1994, mai zanen zakuna da karkanda da dawaki na kimanin shekara 36,000. Sai kogon Lascaux da wasu samari huɗu suka gano a 1940. Zanensa ya kai kusan shekara 17,000, kuma akwai wani bijimi a ciki da tsawonsa ya haura mita 5.

Abin da suke farauta suke zanawa?

Haka aka daɗe ana zato, amma ƙasusuwan da aka tono sun kawo cikas. A Lascaux mafi yawan ƙashin da aka samu na wata barewar ƙasashen sanyi ne mai ƙaho reshe-reshe, alhali ita sau ɗaya tak ta fito a bangon. Dawaki ne suka cika wurin, fiye da 300. Wato abin da ke tukunya daban, abin da ke bango daban. Abin da ido zai iya tabbatarwa shi ne mutanen sun san dabba ƙwarai. Sukan zaɓi inda dutse ya yi tudu su mai da shi kafaɗar bauna, sukan kuma bar ɗan gibi tsakanin ciki da ƙafar da ke can ɗaya gefen don ta nuna nisa. Ɗalibi na yau sai an koya masa wannan dabarar.

A nan kusa da mu akwai irin wannan zane?

Akwai. Mafi kusa da Jos shi ne na Geji, a ƙaramar hukumar Toro ta jihar Bauchi, inda aka zana shanu da doki da birai da dabbobin dawa masu ƙaho da jan fenti a ƙarƙashin inuwar dutse. Akwai na Shira, shi ma a Bauchi. Wanda ya fi suna shi ne na Birnin Kudu a Jigawa, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda Bernard Fagg ya bincika a shekarun 1950. Fagg ɗin nan shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Abin lura a Birnin Kudu shi ne shanun ba su da tozo. Wasu masu dogon ƙaho ne, wasu gajeru irin muturu. Bunaji da rahaji da bokoloji da muke gani a kara yau duk masu tozo ne, kuma jinsinsu ya shigo wannan yanki daga baya. Saboda haka zanen nan shaida ne na irin garken da ake kiwo a ƙasar Hausa kafin wanda muka sani.

Idan aka haura arewa, a tsaunukan Tassili na Aljeriya akwai zane da sassaƙa fiye da 15,000. Masana sukan raba su zamani-zamani bisa dabbar da ta fi yawa: na manyan namun daji irin su giwa da dorina, na shanu, na dawaki, sai na raƙuma. Jerin nan shi kansa labarin bushewar Sahara ne. A Dabous, arewacin Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse mai tsawon mita 5.4. Tsofaffin mutum-mutumin Nok da ke gidan tarihi na Jos kuwa ginin yumɓu ne, ba fenti ba, amma mai son sanin yadda mutanen wannan yanki suka kalli giwa da biri da maciji ya kamata ya je ya gani.

Da wane fenti suka yi aiki har ya kai yau? Za mu iya haɗa irinsa?

Ja da rawaya daga ƙasa mai tsatsar ƙarfe, baƙi daga gawayi ko wani baƙin ma'adini, fari daga farar ƙasa. Ƙasa ba ta koɗewa a rana kamar rinin ganye, shi ya sa ta daɗe. Filato kuwa tana da jar ƙasa da farar ƙasa a wadace.

Ga yadda ake yi. A ɗebo ƙasar a shanya, a daka, a tankaɗe. A zuba ta a bokiti da ruwa mai yawa a dama sosai, a jira kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, sannan a tsiyaye ruwan mai launi a wani bokitin. A bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan sama, laka mai laushin da ta kwanta ita ce fentin. A shanya ta, a niƙa a kan gilashi mai kauri ko dutse mai santsi. Rawayar ƙasa idan aka soya ta a busasshen kasko tana komawa ja, domin zafi yana korar ruwan da ke cikin tsatsar.

Abin riƙewa shi ne ƙaro. A jiƙa kashi 1 na ƙaro a kashi 2 na ruwan ɗumi ya kwana, a tace da ƙyalle. A sa zuma cokali 1 a kowane cokali 5 na ruwan ƙaron, da ɗigon man kanumfari don hana fumfuna. A kwaɓa da garin ƙasa kusan daidai wa daida. A shafa a takarda, ya bushe, a goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa. Da hunturu fentin ya fi saurin tsagewa, sai a ƙara zuma kaɗan. Da damina kuwa zuma mai yawa takan sa ya ƙi bushewa, ga kiyashi.

Bayan zamanin kogo fa, su wa suka ɗauka?

Mutanen Masar sun yi nisa. A wani kabari a Meidum an zana dinya guda 6 kimanin shekara 2600 kafin Miladiyya, da kyau har masana tsuntsaye suna iya faɗin jinsinsu. A kabarin Nebamun, wajen 1350 kafin Miladiyya, akwai wata kyanwa a cikin fadama da ta kama tsuntsu uku a lokaci guda: ɗaya ta cije fiffikensa, ɗaya a faratan gaba, ɗaya a na baya. An ja gashinta layi-layi da siririn buroshi, a idonta kuma an manna ɗan zinariya. Zanen yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

A Sin, Han Gan na ƙarni na 8 ya shahara da dawaki. An ruwaito cewa da sarki ya ce ya je ya koya wurin wani babban mai zane, sai ya amsa cewa malamansa suna barga.

Musulmi sun zana dabbobi? Mene ne hukuncin?

Hukunci na malamai ne, kuma wanda abin ya dame shi ya zauna da malaminsa. Abin da ke rubuce shi ne, akwai hadisai ingantattu masu tsoratarwa game da sura, kuma Ibn Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun tsananta haramci a kan surar mai rai wadda take da jiki da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, shimfiɗaɗɗen zane kuwa yawancinsu sun ajiye shi a matsayin karhanci. Wasu mazhabobin sun haramta duka biyun. Wannan na daga dalilan da suka sa adon bangon gidajen Hausa da na allon zayyana ya karkata ga dagi da layuka.

Ta fuskar tarihi kuwa, an zana, musamman a littattafai. Kwafe-kwafen Kalila wa Dimna, littafin labaran dabbobi, na ƙarni na 13 da 14 cike suke da zaki da dila da hankaka. Wanda ya fi kowa a wannan fage shi ne Ustaz Mansur, mai zanen fadar Sarki Jahangir na Indiya. Duk baƙuwar dabbar da aka kawo fada, sarki sai ya sa ya zana ta. A 1612 ya zana talotalon da aka kawo daga Goa. A 1621 ya zana jakin dawan da ya fito daga Habasha, wanda sarkin ya fara zargin fenti aka shafa masa, sai da aka bincika aka ga halittarsa ce. Mansur yakan bar bayan zanen kusan fayau, ya zuba duk ƙarfinsa a kan gashi da ido da ƙafa.

Gaskiya ne wani ya zana karkanda bai taɓa ganinta ba?

Gaskiya ne. A watan Mayu na 1515 wata karkandar Indiya ta iso Lisbon, kyauta ga Sarki Manuel na Fotugal. Mai zane Albrecht Dürer yana Jamus, abin da ya isa hannunsa wasiƙa ce da ɗan zanen wani. Da su ya sassaƙa hotonta a katako aka buga. Ya sa mata sulke faranti-faranti, ya yi wa ƙafafunta ɓawo kamar na kifi, ya kuma dasa mata wani ɗan ƙaho a doron wuya wanda babu shi a halitta. Ita dabbar ta nutse a teku a farkon 1516 a hanyar kai ta wurin Fafaroma. Hoton kuwa aka yi ta kwafa a littattafan ilmi fiye da shekara 200, sai da aka zaga Turai da wata karkanda mai suna Clara daga 1741 mutane suka gani da idonsu. Gani ya kori ji.

Kada a ɗauka rashin iyawa ne. Dürer ɗin nan shi ya zana zomo a 1502 da fentin ruwa, gashin kunne daban, na baya daban, na ƙirji daban, har tagar ɗaki ana hange a ƙwayar idonsa.

Me ya sa aka ce Turawa sun raina zanen dabbobi?

A 1667 André Félibien ya rubuta wa makarantar zane ta sarkin Faransa matakan daraja. Mai zanen 'ya'yan itace da furanni yana ƙasa, mai zanen dabba mai rai ya ɗara shi, mai zanen mutum ya fi, mai zanen tarihi da addini shi ne a sama. Wannan jeri ya shafi kuɗin aiki da girman allon da ake ganin ya dace da kowane.

Ga mutum uku da aikinsu ya saɓa wa wannan jeri. Paulus Potter na Holan, yana ɗan shekara 21 ko 22, ya zana ɗan bijimi a 1647 a kan allo mai faɗin fiye da mita 3, girman da ake ware wa sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ƙudaje na yawo a bayansa, ga kashin shanu a gaba, ga kwaɗo a ƙasa. Masana kiwo da suka duba sun ce haƙoransa na mai shekara kusan 4 ne, ƙahonsa na ɗan shekara 2, alamar daga dabbobi daban-daban ya harhaɗo shi. Bafulatani da ya gani da tuni ya faɗa.

George Stubbs na Ingila ya keɓe kansa wata 18 a wani gidan gona a Horkstow yana feɗe dawaki. Yakan tsiyaye jinin, ya ɗura kitse narkakke a jijiyoyi don su tsaya da siffarsu, ya rataye gawar da ƙugiyoyi a jikin sandar ƙarfe kamar tana tsaye, sannan ya riƙa ɗaye ta hawa-hawa yana zanawa, makonni a kan gawa ɗaya. Littafinsa na ƙirar jikin doki ya fito a 1766. Shahararren dokinsa Whistlejacket, na wajen 1762, ba mahayi, ba sirdi, ba komai a bayansa.

Rosa Bonheur ta Faransa ta yi shekara ɗaya da rabi tana zuwa kasuwar dawaki ta Paris sau biyu a mako, sai da ta karɓi takardar izini daga 'yan sanda kafin ta sa wando. Zanen da ya fito daga nan, wanda aka nuna a 1853, faɗinsa ya kai mita 5.

Me ya sa dawakin tsofaffin zane suke sukuwa kamar suna tashi sama?

Domin ido ba ya iya bin ƙafar doki a guje. Masu zane sun ɗauka yana miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, duka a iska, kamar yadda Géricault na Faransa ya zana tseren dawaki na Epsom a 1821. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamara 12 a gefen filin tsere a Kalifoniya. Hotunan sun nuna lallai akwai lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin ciki.

A 2012 wasu masana a Hungary sun duba zane da gumaka 1,000 na dabbobi masu tafiya. Na mutanen kogo kashi 46 cikin 100 ne suka yi kuskuren jeren ƙafa, na masu zane kafin Muybridge kusan kashi 84, na bayansa kusan 58. Har yau mai zanen hawan sallah da ya kwafa daga wani zanen yana gadon wannan kuskure ba tare da ya sani ba.

Waɗanne kurakurai ne suka fi yawa a aikin masu koyo?

Na farko jeren tafiya. Doki ko sa ko akuya in suna tafiya a hankali: ƙafar baya ta hagu, ta gaba ta hagu, ta baya ta dama, ta gaba ta dama. Raƙumi kuwa yana ɗaga ƙafa biyu na gefe ɗaya kusan tare, shi ya sa yake rangaji.

Na biyu gaɓoɓi. Abin da ake gani a ƙafar baya yana lanƙwasa ta baya, mutane suna ce masa gwiwa, dunduniya ce. Gwiwar gaskiya tana sama, manne da ciki. Wanda bai gane wannan ba sai ya zana ƙafar baya a miƙe kamar ta tebur. Kowace ƙafar doki a kan farce ɗaya take tsaye.

Na uku awo. A auna da kan dokin: daga tudun kafaɗa zuwa ƙasa kai biyu da rabi, daga ƙirji zuwa ƙarshen ɗuwawu shi ma haka. Gangar jiki da ƙafafu suna shiga cikin murabba'i. Masu koyo sukan ƙanƙanta kai su tsawaita baya.

Sai ƙananan abubuwa da makiyayi ke kamawa nan take. Saniya da ƙafar baya take fara tashi, doki da ta gaba. Shanu da tumaki da awaki ba su da haƙoran gaba a sama. Ƙwayar idon akuya da doki a kwance take, ta kyanwa a tsaye, ta zaki zagaye. Idon dabbar da ke cin ciyawa a gefen kai yake, in aka matso da shi gaba sai fuskar ta koma ta mutum.

Launi ma haka. Farin bunaji ba a shafa masa fari zalla. Inda inuwa ta faɗa ta sama yana ɗaukar shuɗin sama, ƙarƙashin ciki kuma yana ɗaukar jan ƙasar da yake tsaye a kai. Akawal, wato baƙin doki, ba a yi masa baƙi daga kwalba, a haɗa shuɗi mai duhu da ƙasa-ƙasa, a bar hasken da ke kan kafaɗa da cinya ya nuna tsoka. Hurde da danda kuwa, wato dawaki masu dabbare-dabbare, a gama siffar jiki da haske da inuwa tukuna, sannan a ɗora dabbare-dabbaren, su bi lanƙwasar jiki. In aka fara da su dokin zai fito kamar an yafa masa atamfa.

Da kyamara ta zo, zanen dabbobi bai mutu ba?

Ya canza hanya dai. Franz Marc na Jamus ya zana shuɗin doki a 1911, yana amfani da launi don nuna hali. Picasso ya sa doki mai kururuwa da bijimi a zanen Guernica na 1937. A Darussalam ta Tanzaniya, Edward Tingatinga ya fara zana namun daji a 1968 da fentin keke a kan allon silin, salon kuma yana nan bayan rasuwarsa a 1972. A gida, Ladi Kwali da hotonta ke jikin naira 20 ta yi ta zana kada da ƙadangare da kunama da kifi a jikin tukwane. Zaki da mikiyar da ke bayan tirela da gwangwaro a hanyar Bauchi ko ta Zariya su ma cikin wannan tarihi suke, ko da ba a rataye su a gidan tarihi ba.

A ina zan yi atisaye a Jos, kuma yaya?

Karar Bukuru don shanu da tumaki, gidan zu da ke kusa da gidan tarihi da gandun namun daji don sauran, dawaki kuma wurin masu su. A yi sallama, a nemi izinin mai dabba ko dillali kafin a buɗe littafi, domin ba kowa ke son a tsura wa dabbarsa ido ba. Kada a tsaya a bayan doki.

A je da safe, tsakanin 7 da 9, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da haƙarƙari da tsoka. A fara da zanen daƙiƙa 30 zuwa minti 1, kamar 20 a zama ɗaya: layin baya daga kai zuwa wutsiya, ƙwai biyu na ƙirji da ƙugu, sannan ƙafafu. In dabbar ta motsa a bar wannan a fara wani a gefe, za ta dawo tsayuwar farko. Masu tuƙa sun fi daɗin zanawa da rana tsaka, in sun kwanta.

Wanda zai ɗauki hoto da waya ya ja baya mita 4 ko 5, ya riƙe wayar daidai kafaɗar dabbar, ya jawo hoton. In ya matsa kusa kai zai kumbura, ƙafafun baya su tsuke, ya kuma kwafe wannan a zanensa.

Mai fentin mai ya fara da shafi mai ruwa-ruwa, ya riƙa ƙara mai a kowane hawa. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai ya tsattsage. Sanyin Jos yana jinkirta bushewa, ƙurar hunturu kuma tana mannewa, don haka a jingine allon fuskarsa na kallon bango. Ba a shafa man ƙyalli sai bayan wata 6.

In na je Geji ko Birnin Kudu, me zan kiyaye?

Wuraren suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma suna da mutanen gari masu kula da su, a fara da su. Kada a watsa wa zanen ruwa don ya fito a hoto, ruwan yana jawo gishirin dutse waje ya ɓamɓare fentin. Kada a bi layinsa da alli ko gawayi, kada a taɓa da hannu saboda maiƙo, kada a hura wuta a ƙarƙashin dutsen. Lascaux shekara 15 kawai ya yi a buɗe ga jama'a, numfashin baƙi da ɗuminsu suka sa gansakuka da farin ɓawo suka fara cin bangon, aka rufe shi a 1963. Masu zuwa yanzu kwafinsa suke shiga. A tafi da fensir da takarda, a zauna nesa kaɗan, a ba ido minti 10 ya saba da inuwar, jan layukan da ba a gani da farko za su fara fitowa.